Daga Bakin Zango: Ruwan Baƙo Bashi Ne

A wannan wata za mu hau keke mu fita bayan gari, domin akwai darasin da ke jiranmu a bakin hanya.

Kowa ya san Wagadugu garin keke da babur ne, kuma babu wasan da ke fito da mutanen ƙasar nan bakin titi kamar tseren keke na zagayen ƙasa, wato Tour du Faso. An fara shi a 1987, zamanin Kyaftin Thomas Sankara, wanda shi kansa ma'abocin hawan keke ne. Wani ɗan Tarayyar Sobiyat ne ya ci na farko, daga baya 'yan gida suka karɓi rabonsu: Ernest Zongo a 1995 da 1997, Jérémie Ouédraogo a 2005, Paul Daumont a 2023. Akan yi shi daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kamar kwana goma, a share fiye da kilomita 1,000. Cutar Ebola ta hana shi a 2014, korona a 2020, halin da ƙasa ta shiga kuma a 2022.

Wanda bai sani ba sai ya ce ƙarfin ƙafa ne kawai. A'a. Mahaya sukan dunƙule ne wuri ɗaya, na gaba ya tare wa na baya iska. In ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Wanda ya yanke daga ayari kuwa, iska da rana su taru a kansa. To, a nan mutanen ƙauye ke shigowa. 'Yan makaranta su jeru suna ihu, mata su fito da bokiti da ƙwarya suna watsa wa mahaya ruwa. Ruwan nan fa wata baiwar Allah ce ta yi sammako ta ɗebo daga famfo ko rijiya mai nisa, ta zuba wa mutumin da ba ta san sunansa ba, wanda zai wuce ta kafin ƙiftawar ido.

Haka abin yake ga samarinmu da ke haɗa gwiwa su tuƙa zuwa Kudugu, kamar kilomita 100, ko Kupela, kamar 140. Su ba su da motar rakiya. In taya ta yi faci, mai faci ne a gindin bishiya zai cece su. In ƙishi ya kama su, gidan da ya fi kusa za su yi wa sallama. A al'adar Mosawa ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai an miƙa masa ruwa, sau da yawa zom-kom, ruwan garin gero, ɗan uwan farau-faraunmu. Wanda ya bi ta dandalin Naaba Koom, gaban tashar jirgin ƙasa, ya ga mutum-mutumin mace da ƙwarya tana yi wa baƙi maraba. Al'adar ke nan aka kafa wa alama.

Mu Hausawan Sankaryare ya kamata mu fi kowa gane wannan, don da ruwan nan aka raine mu. Kakanninmu fatake ne. Sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, suka ratsa ƙasar Gurma da ta Moshi zuwa Salaga a Gwanja neman goro. Tafiyar watanni ce, madugu na shugabanci, jagaba na nuna hanya. Duk inda suka yada zango, 'yan gari ne suka nuna musu rijiya da wurin kwana. Wasu suka zauna, zango ya zama unguwa. Tsohuwar Zangwaten, da aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA, daga nan ta samo sunanta, kuma waɗanda suka tashi daga cikinta sun san zafin barin gida.

Saboda haka ga shawara ga samari masu fita. Ku fara da gaisuwa, ko da kalma biyu ce ta Mosanci. Ku nemi dattijon gari kafin ku shimfiɗa tabarma. In an miƙo ƙwarya kada ku ƙi, ku kurɓa ko kaɗan ne. Kada ku zaro kuɗi don biyan ruwan maraba, cin fuska ne. Ku riƙe goro ko sukari ko ganyen shayi a jaka. Mai faci kuwa sana'arsa ce, ku biya shi ba ja-in-ja. Sannan ku yi tambaya kan lafiyar hanya kafin ku tashi, kada dare ya riske ku a daji.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana. Tun daga 2015 hare-hare suka watsa ƙauyuka da yawa a arewa da gabas. A watan Maris 2023 hukumar CONASUR ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu. Wato masu miƙa ƙwarya jiya, su ne baƙi yau. Wasu sun tsaya a Kaya da Wahiguya da Fadan Gurma, wasu sun iso har cikin garin nan. Muna ganinsu a bakin kasuwa da ƙofar masallaci.

Ba kowa ke da buhun masara da zai bayar ba. Amma mai shago zai iya koya wa yaro ɗaya sana'a, mai gida zai iya rangwanta kuɗin haya, malamin allo zai iya ƙara almajiri ɗaya. Wanda ba shi da ko ɗaya, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Bashin da kakanninmu suka ci a bakin rijiyoyin ƙasar nan, lokacin biyansa ya yi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.