Faifan Biki Ya Ƙi Yi: Laifin Na'ura Ne Ko Sakacinmu?



Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin masu ɗaukar bidiyo da masu hidima. An yi biki ko suna ko walimar sauka, an biya mai bidiyo, an jira sati biyu, ya kawo faifai. Ana sakawa a DVD ɗin gida sai ya ƙi tashi, ko ya fara ya tsaya a tsakiya, ko hoto ya yi gaba murya ta biyo baya. Mai hidima ya ce an cuce shi. Mai bidiyo ya rantse cewa a kwamfutarsa lafiya lau yake yi, ya ɗora laifin a kan na'urar buga faifai, ko ya ce DVD ɗin gidan ne ya tsufa. Kowa ya tafi da ɓacin rai, taron kuma ba zai maimaitu ba.

Ra'ayina shi ne mafi yawan wannan matsala ba tsautsayi ba ce. Tana da sababi sananne, kuma mai sana'ar da ya karɓi kuɗin mutane wajibi ne ya san shi.

Tushen abin shi ne duniya ta bar faifai a baya, mu kuma muna amfani da shi. Windows 7 yana da manhajar haɗa DVD a cikinsa, amma da Windows 8 ya fito a 2012 sai Microsoft ya cire ta. A shekarar ce kuma Adobe ya fitar da Encore na ƙarshe, bai sake sabunta shi ba. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda faifansa ya yi suna wajen inganci, ya daina yin faifai a 2015. Sababbin laftof ma yawancinsu ba su da wurin saka faifai. Ko 'yan fim ɗin Hausa da suka cika kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano da kaset da CD, tuni suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Saboda haka mai bidiyon unguwa yana haɗa tsohuwar manhaja irin su Nero ko Ulead ko Pinnacle da sabon Windows, da na'urar bugawa ta USB, da bidiyon sabuwar waya. Abubuwa huɗu ne da ba zamaninsu ɗaya ba, dole a samu saɓani.

Shawara mafi amfani ga masu sana'ar ita ce a raba aikin gida biyu. Kada a bar manhajar tace bidiyo ta buga faifai kai tsaye. A sa ta fitar da aikin a cikin kwamfuta tukuna, ko dai a matsayin fayil ɗin ISO ko jakar VIDEO_TS, a buɗe shi da VLC a kalla. Idan a nan ya samu matsala, to laifin na manhaja ne ko na bidiyon da aka ba ta, na'urar bugawa ba ta san ana yi ba. Idan kuwa ya yi daidai, sai a ɗauko wata ƙaramar manhaja ta kyauta kamar ImgBurn a buga da ita. Sau da yawa tsohuwar manhajar tacewa ce ba ta gane sabuwar na'ura ba, shi ya sa take cewa ba ta ga komai ba alhali ga na'urar nan a jone. Wannan rabon kaɗai yana hana mutum ɓata faifai goma yana lalube cikin duhu.

Idan matsalar ta ɓangaren bidiyo ce, abin dubawa uku ne. Na farko, Najeriya tsarin PAL take bi, hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, amma manhajoji da yawa suna zuwa a saite kan NTSC na Amurka. Wanda bai canja ba, tsohuwar talabijin za ta iya nuna masa hoto ba kala ko yana birgima. Na biyu, wayoyi suna ɗauka da hoto 30 a daƙiƙa, wani lokaci ma adadin yana hawa yana sauka, kuma wannan ne yake raba murya da hoto. Sababbin wayoyi kuma suna adana bidiyo da tsarin HEVC wanda tsofaffin manhajoji ba su san shi ba. Maganinsa a fara juya bidiyon da HandBrake zuwa MP4 na yau da kullum mai tsayayyen adadi kafin a fara tacewa. Na uku, zuba fayil ɗin MP4 a cikin faifai ba shi ne haɗa DVD ba. Kwamfuta za ta karanta shi, amma tsohon DVD na gida tsarin MPEG-2 da jakar VIDEO_TS yake nema. Nan ne asalin maganar nan ta "a wurina yana yi".

Idan kuma ta ɓangaren bugawa ce, a fara da sauri. An rubuta 16x a jikin faifai, amma ba dole ba ne a kure shi. A buga a 4x ko 6x, a jira 'yan mintuna, ya fi a yi gaggawa a dawo da aiki. A duba irin faifan, domin DVD-R daban, DVD+R daban, kuma tsofaffin na'urorin gida sun fi karɓar DVD-R. A tabbata an rufe faifan bayan bugawa, don wanda aka bari a buɗe na'urar da ta buga shi ce kawai ke iya karanta shi cikin sauƙi. A kula da wuta: na'urar USB tana jan wuta sosai, idan ramin laftof bai ishe ta ba sai ta tsaya a tsakiyar aiki, haka ma idan aka ɗauke wuta ko janareta ya yi tangal-tangal. Sannan ga ƙurar hunturu da ke rufe idon na'ura. A ƙarshe, kada a cusa taron awa huɗu a faifai ɗaya. Abin da aka rubuta 4.7GB, kwamfuta 4.38 take gani, kuma bidiyo mai kyau bai kamata ya wuce awa biyu a ciki ba. A raba shi biyu.

Mu ma masu hidima da namu laifin. Mukan kashe kuɗi mai yawa a kan rumfa da kujeru da abinci, amma in aka zo kan mai bidiyo sai a yi ta ja-in-ja har sai ya koma sayen faifai mafi araha a kasuwa. Araha kuwa ba ta ado. Faifan da ake bugawa a shago ba irin na kamfani ba ne, wani rini ne a cikinsa da hasken na'ura ke rubutu a kai, kuma zafi da rana suna cinye shi a hankali. Mun san yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu. Faifan da aka bari a gaban mota ko a kan talabijin ko bakin taga, kwanansa ƙirgagge ne. Na CD kuma bayansa siriri ne, rubutu da biro ko manna takarda na iya lalata shi.

Wasu za su ce a bar faifai gaba ɗaya, ai zamanin waya ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp an matse shi, ingancinsa ya ragu. Waya tana ɓata, ana sace ta, memori yana ƙonewa, filas ma yana mutuwa ba sallama. Kuma iyayenmu da yawa har yanzu DVD ɗin ɗakinsu suka sani. Ba faifai ne abin zargi ba, dogaro da kwafi ɗaya tak shi ne kuskuren.

Don haka ina ganin ya kamata mu tsayar da ƙa'ida a tsakaninmu. Mai bidiyo kada ya karɓi cikon kuɗinsa sai an saka faifan a DVD na gida, ba a kwamfutarsa ba, an duba farko da tsakiya da ƙarshe. Ya haɗa da fayil ɗin asali a filas, ya kuma riƙe aikin a wurinsa na ɗan lokaci kafin ya goge. Mai hidima shi ma ya biya kuɗin faifai mai kyau da filas ɗin ba tare da ƙorafi ba.

Abin da ya fi damuna ma ba sababbin faifai ba ne, tsofaffin ne. A cikin akwatunanmu akwai VCD da DVD na shekara goma sha biyar zuwa ashirin. A ciki akwai muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, da fuskokin kakanni da jikokinsu ba su taɓa gani ba, da hawan sallah na zamanin marigayi Sarkin Gombe Alhaji Shehu Usman Abubakar wanda ya rasu a 2014, da yadda unguwar nan take kafin gine-gine su cika ta. Kullum rinin yana dusashewa, na'urorin da za su karanta shi kuma suna ƙarewa a kasuwa.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su ware rana ɗaya a wata. Laftof ɗaya, na'urar USB mai kyau ɗaya, da matasa biyu ko uku da suka iya kwamfuta sun wadatar. Kowa ya kawo faifansa da filas ɗinsa, a kwafe masa a gabansa, a mayar masa da kayansa. Kada a bar kwafi a kwamfutar ƙungiya sai da izinin mai shi, kuma a samu 'yan uwa mata su kula da bidiyon da ya shafi mata. Matasan ma za su fita da sana'a a hannu.

Kafin nan, kowa ya buɗe akwatinsa a satin nan ya gwada faifan da ya fi ji da shi. Idan ya tashi, a kwafe shi a ranar, kada a ce sai gobe. Idan yana da datti, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Idan ya ƙi, kada a jefar, wata na'urar za ta iya karanta abin da wata ta kasa.

Allah Ya sa mu dace.