Haɗewar tsarin lissafi: wane ne zai biya, kuma ina makomar tsofaffin rahotanni?

Masu karatu, duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi na ƙungiyar gama kai, ko a Allakaye ko a wani gari na kwarin Majiya, ya san cewa lissafin bana yana tasowa ne daga inda na bara ya tsaya. Sabili da haka ne batun haɗe tsare-tsaren lissafi, wanda wasu ke ɗauka zancen manyan ofisoshin Yamai ne, ya shafi kwantabul na Buza da na Madawa da na Keita, har da magatakardan ƙungiyar manoman albasa.

Mu tuna yadda abin ya samo asali. A 1998 ne ƙasashen UEMOA, cikinsu har da Nijar, suka fara aiki da tsarin lissafi mai suna SYSCOA. A 2000 kuma ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci, ta fito da nata tsarin. Da farko tsarin biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, amma gyaran da UEMOA ta yi wa nata a 2013 ya raba su, har kwantabul ya rasa wanda zai bi. Ranar 26 ga Janairu 2017, a birnin Barazabil, ministocin OHADA suka amince da doka guda, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ita ce ake kira SYSCOHADA da aka sabunta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zo rufe lissafin 2018 ne kowa ya ga girman aikin. An sake wa asusu da dama lamba, an soke wasu. Kuɗin da aka kashe wajen kafa kamfani, waɗanda a da ake lissafa su cikin dukiya ana rage su shekara-shekara, an fitar da su daga can. Jadawalin TAFIRE ya ba da wuri ga jadawalin shiga da fitar kuɗi. An kuma kawar da matsakaicin tsari, aka bar biyu: cikakken tsari, da ƙaramin tsarin kuɗin hannu, na wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 na sefa ba in ɗan kasuwa ne, ko miliyan 40 in mai sana'ar hannu ne, ko miliyan 30 in mai aikin hidima ne.

Tsofaffin rahotanni ba su mutu ba, domin an yi su bisa dokar zamaninsu. Sai dai ba a iya ɗora su gefen sababbi a gwada, in ba an juya alƙalumansu zuwa sabon tsari ba. Don haka aka nemi a sake jera lissafin 2017 bisa sabuwar ƙa'ida, domin a san abin da ake kwatanta 2018 da shi. Wanda ke da littafin takarda, alƙalami da haƙuri sun ishe shi. Wanda lissafinsa ke cikin kwamfuta kuwa, dole ya koma wurin mai manhaja, wato lojisiyel a bakin ma'aikata, domin tsohuwar ba ta san sababbin lambobi ba. A nan ne da yawa suka gane cewa abin da suka biya izinin aiki ne kawai: manhajar tana nan a hannun mai ita, kuma sabuntawa sai ga wanda yarjejeniyarsa ke da rai. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da furoje-furoje na raya ƙasa sun bi wannan hanya daga baya, da aka amince da nasu tsarin, SYCEBNL, a nan Yamai cikin Disamba 2022, ya fara aiki a Janairu 2024.

Akwai wata irin haɗewa kuma, wadda ba gwamnati ke yanke ta ba. A 2023 kamfanin Microsoft na Amurka ya shigar da Power BI, manhajarsa ta tsara rahotanni, cikin wani babban dandali mai suna Fabric, a 2024 kuma ya sanar da daina sayar da tsohon izinin Premium na manyan ma'aikatu. Ya ce rahotannin da aka riga aka tsara za su ci gaba da aiki in an ƙaurar da su zuwa sabon dandali. Amma wanda ya ɗauki matakin da bai kai F64 ba, sai ya saya wa kowane mai duba rahoto izininsa na kansa, kuma daga Afrilu 2025 wannan izini ya tashi daga dala 10 zuwa 14 a wata. Dalar Amurka ake nufi, kada mai karatu ya ɗauka tamu ce ta tamma biyar. Bambancin haɗewar biyu a fili yake: ta OHADA an shawarce ta tsakanin ƙasashe 17, an buga ta a jaridar hukuma, ta kamfani kuwa sanarwa ce, mai saye ya karɓa ko ya nemi wata kasuwa.

A ganinmu, haɗarin da ya fi kusa da ƙasar Adar shi ne ƙarshen furoje. Sau da yawa furoje ne ke kawo kwamfuta, shi ke biyan izini da sunansa, ya koya wa magatakarda aiki. Ran da ya naɗe tabarmarsa izini ya ƙare, sai lissafin bashin taki da na hatsin rumbun tsimi ya maƙale cikin na'urar da ba mai iya buɗe ta. Alhali wannan yanki ya san darajar tsohon rubutu: aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, ba za a iya auna amfaninsa yau ba sai da rahotannin waɗancan shekaru.

Doka dai ba ta karɓar uzurin cewa izini ya ƙare. Ta wajabta adana littattafan lissafi da takardun shaida har shekara 10, ta kuma ce wanda ke lissafi da kwamfuta dole ya iya bin sawun kowane adadi har zuwa takardar da ya fito. Nauyin yana kan ƙungiya da shugabanninta, mai manhaja ba ruwansa.

Don haka ya kamata shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan gundumomi, kafin su sa hannu kan yarjejeniya, su tambaya da sunan wa aka rubuta izinin, wa zai biya sabuntawa in doka ta sake, kuma ko za a iya fitar da dukan lissafi cikin siffar da wata manhaja ke karantawa. Kowace shekara kuma, cikin wata huɗu da doka ta bayar bayan rufe lissafi, a buga babban littafi da takardar dukiya da bashi, shugaba da ma'aji su sa hannu, a ajiye kofi ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a wani wuri dabam.