Windows na jabu: abin da ke bayan saƙon "makulli bai yi ba" a kwamfutocinmu

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekaru goma bayan fitowarsa. A Turai maganar ta tayar da ƙura, har ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye suka matsa wa kamfanin ya sassauta musu. A Nijar ba a yi wani surutu a kai ba, amma sakamakon na shigowa ta bayan gida. Mutum ya ce bari ya yi abin da muke kira mise à jour, ko ya haura zuwa Windows 11, sai kwamfuta ta ce makullin lasisinsa bai yi ba, ko rubutun nan mai hazo-hazo ya fito a kusurwar allo ta ƙasa: "Activer Windows". Daga ofisoshin meri zuwa shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, kusan babu wanda bai taɓa ganin wannan rubutu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akasarin kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, suka iso ta Lome, Dubai ko kasuwannin Kano da Legas. Kafin a sayar, mai gyara zai share komai, ya zuba Windows daga kilensa, ya ɗora Office, sannan ya "kunna" su da wata ƙaramar manhaja irin su KMSpico. Ita wannan manhaja yaudara take yi. Microsoft na da wani tsari mai suna KMS da ya tanadar wa manyan kamfanoni da ma'aikatu: kwamfutocin gidan suna neman izini daga wata uwar na'ura ta cikin gida, izinin kuma na kwana 180 ne, ana sabunta shi. Manhajar satar tana kwaikwayon wannan uwar na'ura a cikin kwamfutarka, tana yi wa Windows ƙaryar cewa kai ma'aikacin wani babban kamfani ne. Ranar da rigakafin ƙwayoyin cuta ya goge ta, ko wani sabuntawa ya toshe hanyarta, idan kwana 180 suka cika asiri ya tonu.

Lambobin da ke fitowa tare da saƙon suna faɗin inda gizo ke saƙa. 0xC004F074 na nufin an nemi uwar na'urar KMS ba a same ta ba. 0xC004F050 na nufin makullin da aka shigar ba sahihi ba ne, ko bai dace da nau'in Windows ɗin da aka zuba ba. Shi kuwa 0xC004C003 yana nufin Microsoft ya toshe makullin. Wannan na ƙarshe shi ke samun masu sayen makullai masu arha a intanet ko ta WhatsApp, jika biyu ko uku: sau da yawa makulli ɗaya ne na wata ma'aikata aka sayar wa mutane barkatai, ya yi aiki wata biyu ya mutu. Akwai kuma wata ƙofa da aka daɗe ana bi, wato amfani da tsohon makullin Windows 7 ko 8 don kunna Windows 10. Microsoft ya rufe ta tun watan Satumba na 2023.

Abin takaicin shi ne, mutane da yawa na satar abin da yake nasu ne tun asali. Tun zamanin Windows 8 a 2012, kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo ke dasa makullin lasisi a cikin allon na'urar kanta. Wato tsohuwar EliteBook ko Latitude da aka sayo a kasuwa na iya zuwa da lasisinta na halal. Sai mai gyara, don sauri ko don nau'i ɗaya kawai yake da shi a kile, ya zuba Pro a kan na'urar da lasisinta na Famille ne, makullin ya ƙi shiga, ya ɗauko manhajar sata ya rufe zancen. Da an zuba nau'in da ya dace aka haɗa da intanet, da ta kunna kanta ba a biya ko dala ba.

Saƙon kansa ba ya kashe kwamfuta. Windows da ba a kunna ba yana ci gaba da aiki, yana kuma karɓar gyaran tsaro muddin nau'in na cikin waɗanda ake kula da su. Abin da za ka rasa bai wuce canza hoton allo da launuka ba. Haɗarin yana cikin maganin da ake yi masa. Don kada sata ta lalace, masu gyara kan kashe Windows Update gaba ɗaya, su kashe Defender, su ce wa mai kaya kada ya sake ya taɓa. Shi ma mai kayan yana murna, tunda sabuntawa na cinye forfe ɗin intanet, ga fargabar wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Haka na'ura za ta shekara uku ƙofa a buɗe, alhali a cikinta akwai jerin albashi, makin ɗalibai, takardun haihuwa ko hotunan katin ɗan ƙasa na duk wanda ya zo a yi masa sikan.

An riga an ga ƙarshen irin wannan sakaci. A ranar 12 ga watan Mayu na 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin gwamnati na Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Ita ma manhajar satar ba amana gare ta ba. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna yadda ake cusa wata ƙwaya mai suna CryptBot a cikin KMSpico, tana kwashe kalmomin sirri daga burauza. A farkon 2025 kuma masu bincike na EclecticIQ suka danganta irin wannan dabara da ƙungiyar Sandworm, wadda ake alaƙantawa da leƙen asirin sojan Rasha, a kan kwamfutocin Ukraine. Wanda ya ba manhajar da bai san mai ita ba cikakken iko a kan na'urarsa, ya kuma kashe mai gadi da hannunsa, ba shi da bakin kuka.

Sai dai ɗora laifi a kan mai gyara ko ɗalibi kaɗai zalunci ne. A shagon Microsoft na Faransa, Windows 11 Famille na kan euro 145, kusan jika 95 na sefa, Pro kuma euro 259, kusan jika 170. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairu na 2024. Lasisi ɗaya ya fi albashin wata biyu, wani lokacin ya fi kuɗin kwamfutar kanta, ga shi sai da katin banki na ƙasa da ƙasa ake saye. Doka dai tana nan: dokar haƙƙin mallaka ta watan Disamba na 2010 ta haɗa da manhajojin kwamfuta, haka ma yarjejeniyar Bangui ta ƙungiyar OAPI da Nijar ke ciki. Amma dokar da farashi ya fi ƙarfin masu binta, a takarda take kwana.

Inda ba a da uzuri shi ne ma'aikatun gwamnati, asibitoci, bankunan talakawa da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Su ne ke riƙe da bayanan jama'a, kuma dokar kare bayanan mutum, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ta ɗora musu nauyin tsare su. Idan an ba da kwangilar kwamfutoci, ya kamata mai karɓar kaya ya duba ko lasisin da aka rubuta a faktir shi ne ke cikin na'ura. Bincike ne na minti biyu a cikin Paramètres.

Tun bayan 26 ga watan Yuli na 2023 babu kalmar da ta fi yawo a jawaban hukuma kamar diyaucin ƙasa. To, ga fili. Linux kyauta ne, halal ne, nau'o'insa irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya a tsofaffin na'urori, LibreOffice kuma na buɗe takardun Word da Excel. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan wannan hanya. Jandarmomin Faransa ma, waɗanda ba wanda zai zarga da ƙin Yammacin duniya, sun fara komawa Ubuntu tun 2008. Ba abu ne mai sauƙi ba: sakatare da ta saba da Word shekara ashirin za ta yi gunaguni, wasu manhajojin lissafin kuɗi da wasu injinan buga takarda Windows kaɗai suka sani, kuma cibiyoyin koyar da kwamfuta na unguwa Word da Excel suke koyarwa. Wannan aiki ne da hukumar ANSI da ma'aikatun ilimi za su iya farawa daga ɗakunan kwamfuta na lise da jami'a, inda yaro bai riga ya saba da komai ba.

Haurawa Windows 11 ba kowa zai iya ba. Yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na 8 ko sama, wato na wajajen 2017 zuwa yau, alhali kasuwarmu cike take da na ƙarni na 4 zuwa na 6. Masu gyara sun san yadda ake tsallake shingen, amma Microsoft ya ce na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin samun gyara. Kuma yayin da ofisoshin Turai ke zubar da na'urorin da Windows 11 ya ƙi, ana iya hasashen inda kwantenoninsu za su nufa, da farashi mai jan hankali.

Ga mai Windows 10 na halal akwai ɗan jinkiri. Shirin ESU, yadda aka sanar da shi a 2025, ya ba ɗaiɗaikun mutane ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, a kan dalar Amurka 30, ko kyauta idan mutum ya haɗa saitunansa da asusun Microsoft. Kamfanoni kuwa dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin na ninkawa duk shekara. Sharaɗin shi ne na'urar ta kasance a kan nau'in 22H2 da sabuntawa na baya-bayan nan, abin da kwamfutar da aka kashe wa Windows Update tun 2021 ba ta da shi. Wa'adin da aka sanar wa ɗaiɗaikun mutane a 2025 shi ne ranar 13 ga watan Oktoba na 2026.