Algaita Ba Ta Karkace Ba

Wani ra'ayi ya yaɗu tsakanin samarin da ke kaɗa fiyano a wuraren biki, tun daga birnin Maraɗi har ƙauyukan Gidan Sori, wai algaita da sarewa kayan busa ne marasa saiti, domin idan aka haɗa su da na'ura sai a ji amonsu ya saɓa, saboda haka wajibi ne ko dai su bi ta, ko a sallami masu su. Wannan taƙlidi ne tsantsa, na mutanen da ke yanke hukunci da mizanin da ba su taɓa binciken asalinsa ba.

Mizanin nan, wato amon da Faransawa ke kira La ya kaɗa sau 440 cikin sakan guda, ba wahayi ba ne, sulhu ne da aka ƙulla a Landan a 1939 bayan doguwar jayayya. Musabbabinta kuwa, makaɗan Turai sun lura cewa wanda ya ɗan ɗaga amo ya fi armashi a kunne, sai kowace ƙungiya ta shiga ɗagawa don ta zarce maƙwabciyarta, har mawaƙa suka koka da maƙogwaronsu, hukumar Faransa ta yi doka a 1859 ta tsayar da shi a 435, alhali a Ingila ana busa kusan 452, makaɗan sojojinta ma ba su sauko ba sai 1929. Yanzu haka manyan ƙungiyoyin makaɗan Jamus a wajen 443 suke, sun karya ijma'in da ake so mu yi wa biyayya.

Cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan hawa akwai mai busa kilarinet, sarewar Turawa ta baƙin itace. Mai goge, in an ɗaga amo, tsirkiya kawai zai ƙara ɗaurewa. Shi kuwa wancan, ramukan sarewarsa sau ɗaya aka huda su, kuma idan ya gajarta wuyanta don ya cim ma jama'a, amon ramukan da ke kusa da baki ya fi na ƙasa tashi, sai sarewar ta saɓa wa kanta, har wani lokaci babu makawa sai sayen sabuwa. Ƙari a kan haka, duk abin busa amonsa na hawa idan ya ɗauki zafi, fiyanon lantarki kuwa ko oho. To, a ranar Afrilu ta Maraɗi, da zafi ke haura digiri 40, ina adalcin gwada su?

Balle algaita, wadda tun asali ba don wannan lissafi aka sassaƙa ta ba. A dubi mabushin fadar Sarkin Gobir a Tibiri: kumatu sun cika tim, leɓɓa sun tokare ɗan faifan bakinta, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba, yana lanƙwasa amo sama da ƙasa yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, har mai sauraro ya gane taken sarki da kirarinsa ba tare da an furta kalma ba. Wannan lanƙwasa da samari ke kira kuskure, ita ce maganar kanta, kuma duk wanda ya miƙar da ita ya mai da algaita bebiya.

In kuwa lallai sai an haɗa su a biki ko a situdiyo, ai fiyanon na da maɓallin da ke ɗaga amonsa ko ya sauke shi cikin ƙiftawar ido, kuma mai shi ya san inda yake. Ya bari mai algaita ya fara busa, sannan ya danna.