Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi

Duk ɗalibin Hausa ya san nauyin kalmar “daƙiƙi”. Idan malami ya jefi yaro da ita, ya haɗa gazawar karatu da ƙarancin hankali wuri guda, alhali abubuwa biyu ne mabambanta. A ganina, raba su wajibi ne a kanmu, mu masu nazarin harshe.

A shekarar 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda yake lissafi ba gargada amma karatu ya gagare shi. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Wannan tawaya ita ce disleksiya, sunan da likitan ido Rudolf Berlin na Jamus ya raɗa mata. Tushenta shi ne wahalar rarrabe sautukan da ke cikin kalma da danganta su da haruffa. Tunani da fahimta kuwa lafiyarsu ƙalau.

Tsarin rubutu yana iya tsananta matsalar ko ya sassauta ta. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2001 ya nuna cewa masu wannan tawaya a Italiya sun fi takwarorinsu na Ingila da Faransa iya karatu, domin rubutun Italiyanci ya fi bin furuci. To, a duba ɗan Maraɗi da ya fara karatu da Faransanci, harshen da bai sani ba, inda o da au da eau duk sauti ɗaya ne. Bokon Hausa ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma da tarkonsa: b, d, ɓ da ɗ suna kama da juna, kuma ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, har “gari” na zama da “gari” na tuwo suka zama ɗaya a takarda.

Saboda haka, kada a auna basirar yaro da karatu kaɗai. A tambaye shi da baki, cikin harshen uwa, a ji yadda yake warware kacici-kacici ko maimaita tatsuniya. Sannan mu samar wa malamai kalmar da ta dace. Ni dai na zaɓi “tawayar karatu”, domin ta ambaci abin da ya gagari yaron, ta kuma bar masa mutuncinsa.