Bindiga Mai Sakata Ba Ita Ce Matsalar Maharbin Gumel Ba

A tsakanin ma'aikata masu sha'awar farauta, hira kan bindiga takan koma kan ƙirar waje: wace ce ta fi saiti da araha tsakanin Ruger American da Savage Axis da Tikka? Dukkansu bindigogi ne masu sakata, irin waɗanda ake ja da hannu bayan kowane harbi, kuma tsarinsu ya samo asali daga irin Mauser ta 1898. Masu gwada su a Amurka suna auna saiti da tazarar da ke tsakanin harsasai a jikin allo: wadda ta tara su cikin kimanin santimita 3 daga nisan mita 100 ta ci jarrabawa. Wannan ma'auni yana da amfani ga mai harbin barewa a dazukan can. A arewacin Jigawa kuwa, gardama ce da ta kauce wa abin da ke raunata mutane.

Ƙasar Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da riɗi da wake sun mamaye ta, ƙauye na hango ƙauye. Abin da maharbi ke samu da rani zomo ne da fakara da zabon daji da kurciya. Harsashin bindiga mai sakata, idan ya kuskure abin hari, yana iya tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ya faɗi. A fili irin wannan babu tudun da zai tare shi, sai makiyayi ko garken da ake korawa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Ƙarfin da ake yabo a kanti shi ne haɗarin a nan.

Dokar Makamai ta 1959 ma ta rage zaɓin. Ta sanya bindigogi masu faɗin baki 7.62mm da .303 cikin na soja da aka haramta wa farar hula. Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin darma tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, baushe kuma na Kwamishinan 'yan sandan jiha. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi.

Saboda haka kwatancin da ya dace shi ne tsakanin bindiga mai baki ɗaya ƙirar masana'anta da baushen maƙera, wadda ake kira harbi-ka-ruga. Ta farko tana kai wa mita 35 zuwa 40, wanda ya wadatar ga zomo, ƙwayoyinta kuma suna mutuwa kusa. Baushe ta fi ta araha nesa ba kusa ba, ana ɗura mata albarushi ta baki, kuma awon yakan dogara da idon mai ita. Harbi biyu ba sa zuwa iri ɗaya. Mafi muni, bututunta sau da yawa ƙarfe ne da ba a yi shi don jure fashewa ba, kuma babu wanda ya gwada shi kafin ya shiga hannun mai saye. Idan ya tsage, yatsu da ido ne ke biyan bambancin farashin. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A wannan sana'a araha tana kai mutum asibiti.

Masu cewa a bar komai a rufe suna da hujja: Maigatari bakin iyaka ce da Nijar, kuma makamai sun yi wa Arewa ɓarna mai yawa. Amma ɗan fashin daji ba da baushe yake yawo ba, ba ya kuma bin layin lasisi. Rufe ƙofa ya bar maharbi mai son bin doka da zaɓi ɗaya, wanda shi ne mafi haɗari, ya kuma bar hukuma ba ta san adadin bindigogin da ke ƙauyuka ba.

Ingila ta taɓa fama da bututu masu fashewa. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham, inda ake harba kowane bututu da albarushin da ya zarce na kullum, a buga masa hatimi idan ya jure. Dokar 1959 ta riga ta tanadi izinin ƙera bindiga mai ɗuri ta baki. Abin da ya rage shi ne aiki da tanadin: rundunar 'yan sandan Jigawa da Masarautar Gumel su yi rajistar maƙera ta hannun sarakunansu, maharba ta hannun Sarkin Baka, a buga wa kowane bututu lamba bayan gwaji, a hana sayar da wanda bai da ita.

Masu ilimin da ke da bakin magana a Dutse su ne za su iya matsa wa hukuma kan wannan, kuma ya fi cancantar lokacinsu fiye da tantance wace ƙirar Amurka ta fi saiti.