Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A hutun da ya wuce na je Safana gaida kawuna, sai na tarar ya hana wayarsa sabunta WhatsApp. Duk sauran manhajoji suna sabunta kansu, ita kaɗai aka ware. Na ce, "Kawu, me ya yi zafi?" Ya ce data ta yi tsada, kuma ya saba da tsohuwar. Da na komo Batsari na bincika, ashe haka abokaina da yawa suke yi.

To, jama'a, ni a ganina wannan ganganci ne. Dalili kuwa, sau da yawa sabuntawar nan toshe wata kafa ce da ɓarayin intanet suka gano. A watan Mayu na 2019 an gano wata kafa a WhatsApp, wadda ta nan ake dasa wa mutum manhajar leƙen asiri da kira kawai, ko da bai ɗauka ba. Kamfanin ya ce an kai wa mutum wajen 1,400 hari, kuma maganin shi ne a sabunta. Haka nan a Amurka, cikin 2017, kamfanin Equifax ya bar manhaja ɗaya mai suna Apache Struts ba gyara, alhali gyaran ya fito tun watan Maris. Ta nan aka sace bayanan mutum wajen miliyan 147.

Gaskiya ne, wani lokaci sabuntawa kan zo da ɓarna. A watan Yuli na 2024 wadda kamfanin CrowdStrike ya aika ta tsayar da kwamfuta wajen miliyan 8.5 a duniya. Saboda haka jinkiri na 'yan kwanaki ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ware manhaja, a manta da ita.

Mu mutanen Batsari da Safana ba ma bukatar a koya mana darajar tsaro. Wa zai kulle ƙofa tara da dare ya bar ta goma a buɗe? Wanda ya ware manhaja, gadinta ya koma wuyansa.

Ina roƙon iyayenmu, don Allah kada a ware manhajar banki ko ta saƙo. In tilas ta sa, a tsayar da rana ɗaya a mako a sabunta da hannu. Mu kuma ɗalibai, mu riƙa duba musu wayoyinsu in mun je gida. Allah ya tsare mu, amin.